Fararen Rigunan Faruku

Asabar ce ranar wanki a gidan Faruku, kuma Daso ce mai yin sa. Da hantsi take fito da baho biyu bakin rijiyar da ke tsakar gidan hayar, ta zauna a 'yar kujera, ta jawo tulin rigunan ƙanenta gabanta. Rigunan ofis ne, irin shat ɗin nan mai dogon hannu da maɓalli tun daga wuya har ƙasa, mafi yawansu farare. Sai ta ɓalle maɓallan duka, ta laluba aljihu ko an manta biro, sannan ta bi wuyan kowace riga da sabulu. Nan aikin yake. Mutumin da ke shiga motar haya kullum daga Suleja zuwa Abuja, a cusa su kamar buhuna, wuyan rigarsa da bakin hannunta sai sun koma kalar ƙasa kafin yamma. Ba ta sa buroshi, don yana cinye zaren wuya. Da yatsu take cuɗawa a hankali har dauɗar ta saki.

Ba wanki ne ya kawo ta Suleja ba, ƙirji ne. Tun bayan rasuwar mijinta a Kano tari ya kama ta, mai tafe da sarƙewar numfashi, aka sha jiƙe-jiƙe bai saki ba. Faruku ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi. Ya je gida hutun sallah, ya gan ta, ya ce a gaban dangi ba zai bar yayarsa a haka ba. Ma'aikatarsu ta taso daga Legas ta dawo Abuja, manyan likitoci duk suna can, ya ce ta shirya su tafi tare a duba ta, in ta warke shi da kansa zai dawo da ita. Dangi suka yi ta sa masa albarka. Ta kulle ɗakinta na gidan gadonsu, ta ba shi makullin ya ajiye mata, ta biyo shi da 'yar jakarta.

A makon farko mai wankin unguwa ya ƙona wa Faruku riga a kafaɗa. Matarsa Sa'ida ita ma a Abuja take aiki, tana buga tafireta a wani ofis, tare suke fita da asuba su dawo bayan magariba, ba ta da lokacin wanki. Daso ta ga yana juya rigar yana tsaki, ta ce ya kawo sauran ta gwada, ai marigayi malamin makaranta ne, ita ta riƙa yi masa. Ta wanke, ta sa bula kaɗan don farin ya fito, ta dama sitaci ta tace shi da ƙyalle, ta shanya su a juye a inuwa, ta goge. Ran Litinin Faruku ya dawo yana murmushi, ya ce yau har masinja sai da ya ƙara gaishe shi.

"Yaya, hannunki daban ne," ya ce. "Daga yau na sallami mai wanki."

Ta ji daɗin maganar a lokacin. Wanda ke zaune a gidan wani yana cin abincinsa, yana son ya ga ya yi wani amfani.

Wankin bai kai gugar wahala ba. Unguwar ba ta cika samun wuta ba, don haka dutsen gawayi ake amfani da shi, baƙin ƙarfe mai nauyi da ɗan zakara a kansa wanda ake kulle murfin da shi. Ran Lahadi bayan azahar Daso takan shimfiɗa bargo a kan tebur a baranda, ta hura gawayi, ta zuba garwashi a cikin dutsen, ta yi ta fifita. Takan fara da wuya, daga gefe zuwa tsakiya don kada ya tattare, sannan kafaɗa, hannuwa, sai gaban rigar, tana bi tsakanin maɓalli da bakin dutsen. Farar riga ba ta yafe kuskure. Ƙwayar toka ɗaya ta faɗo ta bar tabo, tartsatsi ɗaya ya huda ta. Saboda haka kafin ta ɗora dutsen a kowace riga sai ta kai shi gefe, ta sunkuya, ta sa baki ta hure tokar ta 'yan ramukan da ke jikinsa. Hayaƙin da zafin gawayin su daki fuskarta, su wuce ƙirji. Takan dafa tebur ta yi tari har hawaye su zubo, ta juya baya don kada ta fesa wa rigar, ta goge bakinta da gefen zani, ta ci gaba.

Maganar asibiti kuwa tana nan, ba a taɓa cewa an fasa ba. Da farko Faruku ya ce a bari ya gama sanin gari. Sai ya ce babban asibiti ba a zuwa haka kawai, sai da wanda ya san wani, yana neman hanya. Da aka samu hanyar sai aka shiga wahalar mai, motoci suka yi layi tun daga gidan mai har bakin kasuwa, ya ce ba zai jefa ta cikin wannan turmutsitsin ba, sai ta shide a hanya. Da mai ya samu sai aikin ofis ya taso, ba a ba da izinin fita. Kowane uzuri in ka ɗauke shi shi kaɗai, gaskiya ne. Yakan tsaya a kemis ya sayo mata maganin tari na kwalba, ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce ta daure, wata mai kamawa in sha Allahu. Damina ta shigo ta fita, wata daminar ta sake shigowa.

A ɗakin da ke jikin nasu akwai wata mata, Nkechi, mai sayar da kayan masarufi a ƙofar gida. Mijinta Cletus yana sayar da kayan gyaran mota a kan hanyar Kaduna. Ta daɗe a Arewa, Hausarta ta nuna, sai dai harshen bai gama miƙewa ba. Ita ce ke wuni da Daso idan kowa ya tafi aiki, ita ke jin tarin ta cikin bango. Wata Lahadi ta tsaya tana kallonta tana hura dutse, ta kasa shiru, ta ce wa Sa'ida wannan hayaƙi zai kashe Mama. Sa'ida tana zaune a tabarma ana yi mata kitso. Ta yi dariya ta ce ai Yaya ba ta iya zama haka nan, ko an hana ta ba ta hanuwa, aikin ne ke ɗebe mata kewa. Daso tana ji. Ba a taɓa hana ta ba, amma ta ci gaba da gugarta, don ba ta son baƙuwa ta ji cikin gidan ƙanenta.

Sai ga wata Juma'a Faruku ya shigo da jaka babba mai layi-layi, ya ajiye a ƙofar ɗakin da take kwana tare da buhun shinkafa da tarkacen gida. Ya tsuguna ya gaishe ta fiye da yadda ya saba. Ya ce shugaban sashensu, Mista Akinola, ya bar iyalinsa a Legas, shi kaɗai yake zaune, ba mai kula masa da kaya. Ya ga rigarsa ya yaba, ya tambayi inda ake yi masa. Kuma shi ne mai sa hannu a rabon gidajen ma'aikata a cikin Abuja.

"In muka samu gidan nan, Yaya, kin huta. Asibiti yana nan kusa, da ƙafa ma sai ki je. Wuta ba ta ɗaukewa. Don ke nake wannan fafutukar."

Ta buɗe jakar. Rigunan sun fi na Faruku tsada, yadinsu mai laushi, wasu da ƙananan layuka, wasu hannunsu mai ninki biyu. Ta ce to, Allah ya sa a dace.

Daga nan aikin ya ninka. Wankin Asabar ya zarce har la'asar, gugar Lahadi ta koma tun daga safe. Faruku ya sayo ruwan bilic don rigunan ogansa su fi haske, ruwan ya cinye mata fatar yatsu, suka tsattsage, sabulu na shiga kamar barkono. Ta riƙa naɗe su da tsumma kafin ta kama dutse, don kada jini ya taɓa yadi. Faruku kan ɗaga kowace riga ta oga a hasken rana ya duba wuya da hammata, in ya ga ɗan lanƙwasa ya dawo mata da ita cikin ladabi, ya ce a ɗan ƙara bi. Bai taɓa ɗaga mata murya ba. Da zai yi mata tsawa, da ta samu abin riƙewa ta yi fushi. Ladabin nan ne ya ɗaure ta.

Wata Litinin da safe Faruku ya makara, ya fita bai ɗauki kayan ba, sai ga direban Mista Akinola, wani saurayi mai suna Vincent, ya zo karɓa bayan masu gida sun fita. Ya same ta tana shara. Ta fito masa da rigunan a ninke, ya karɓa yana yabawa, ya ce oga ya ce a gai da mai wankin, ya ce duk Abuja bai ga mai hannu irin nata ba. Ya tambaye ta ko ta daɗe tana yi wa Malam Faruku aiki, kuma ko tana karɓar kayan wasu, don akwai abokin oga da ke nema.

Daso ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ta tambaye shi abin da Faruku ya ce game da ita. Vincent ya ce ai cewa ya yi yana da wata tsohuwa mai wanki da ya taho da ita daga Kano.

"Haka ne," ta ce. "Daga Kano ya taho da ni."

Da ya tafi ta shiga ɗaki ta zauna a bakin katifa har azahar ba ta ƙarasa sharar ba. Ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙa tuna yadda take tauna masa ƙuli-ƙuli ta sa masa a baki lokacin da bai da haƙora.

Ran Juma'a bayan Faruku ya ci abinci ta same shi a baranda. Ba ta ɗauko maganar direba ba. Ta ce ta gode da ɗawainiya, amma tana son komawa gida, tunda asibitin bai yiwu ba, ta je ta ci gaba da na gargajiya a ɗakinta. Ya ba ta makullinta, ya sa ta a mota a tasha, ita za ta iya kai kanta.

Faruku ya ce akwai abin da bai gaya mata ba don kada hankalinta ya tashi. Ɗaki in ba mutum a ciki lalacewa yake, damina ta fara cin bangon. Da ya je Kano kwanaki sai ya sa aka gyara, ya zuba wani ɗan haya mai iyali, an yi alkawari da shi na lokaci mai tsawo, ba a tashinsa yanzu. Kayanta suna nan a soro an rufe da leda.

"Ɗakina, Faruku?"

"Ai ba sayarwa na yi ba, Yaya. Kuma in kika koma a haka, me zan ce wa dangi? A ce na ɗauko ki da ciwo na mayar da ke da ciwo? Ki rufa mini asiri. Sunana yana cikin waɗanda ake dubawa, saura ƙiris."

Sa'ida ta leƙo daga ɗaki ta ce ita ma ba za ta yarda Yaya ta tafi ba, gidan zai yi musu faɗi. Jakar mai layi-layi tana nan a jingine da bango, an riga an kawo ta wannan makon. Daso ta duba ta, ta duba ƙanenta. Ba ta da kuɗin mota, ba ta san hanyar tasha ba, in ma ta isa Kano ba ta da inda za ta shimfiɗa tabarma sai a ɗakin wani. Ta tashi ta ja jakar zuwa ɗakinta.

Abin ya faru ne wata Lahadi da Faruku da Sa'ida suka tafi suna a Sabon Wuse. Daso ta gama rigunan ƙanenta, ta shiga na oga. Ta sunkuya za ta hura dutse, ta ja numfashi, numfashin ya ƙi dawowa. Ta ji kamar an ɗaure mata ƙirji da igiya ana ja. Abin da ta iya yi kawai shi ne ture dutsen nesa da rigar kafin ta zube. Ƙarar faɗuwarsa ce ta fito da Nkechi. Ta same ta a ƙasa, leɓɓanta sun yi duhu, garwashi a warwatse kusa da zaninta. Ta ƙwala wa Cletus kira, suka ɗauke ta a motar wani maƙwabci zuwa wani ƙaramin asibiti a cikin gari.

An yi mata allura, an sa mata abin shaƙa a hanci, numfashin ya dawo a hankali. Likitan ya daɗe yana sauraron bayanta da ƙirjinta, ya duba yatsunta, ya tambayi aikin da take yi. Nkechi ce ta ba shi amsa, ba ta rage komai ba. Da Faruku ya iso da yamma, da babbar rigarsa ta zuwa suna, likitan ya gaya masa a gabansu cewa huhun matar nan ya riga ya taɓu, abin da ya lalace ba zai dawo ba, sai dai a tsare abin da ya rage. Kada ta ƙara kusantar hayaƙin gawayi ko na itace. Ta huta. A kai ta babban asibiti a ɗauki hoton ƙirjinta, ba da jimawa ba.

Faruku ya yi ta gyaɗa kai yana cewa in sha Allahu. Ya yi wa Cletus godiya a bakin asibiti. Amma a hanya ya ce wa Daso bai ji daɗin yadda matar nan ta zauna tana zayyana wa likita sirrin gidansa ba, kamar shi ba ya kula da 'yar'uwarsa. Washegari Sa'ida ta daina amsa gaisuwar Nkechi, ta kuma roƙi Daso ta rage zama a wurinta, don mutanen nan ba su san al'adarmu ba, komai suka gani sai su yaɗa. Rigunan oga da ba a gama ba, Faruku da kansa ya kai su wa mai guga a kasuwa, ya dawo yana cewa an ɓata su, wuyan duk ya yi ƙyalli.

Mako biyu ba a kawo jaka ba. Daso ta kwanta, ta sha magani, tarin ya ɗan lafa, yatsunta suka fara haɗewa. Ta fara tunanin ko faɗuwar nan ta zame mata alheri.

Sai ga Faruku wata yamma da kwali a hannu, fuskarsa cike da fara'a. Ya kira Sa'ida, ya ajiye kwalin a gaban yayarsa a baranda, inda duk 'yan haya za su gani, ya ce ta buɗe. Dutsen guga ne na lantarki, sabo fil, fari, da igiyarsa a naɗe.

"Likita ya ce ban da hayaƙi," ya ce. "To ga shi, babu hayaƙi, babu toka, ba nauyi. Ni ba zan zuba ido gawayi ya illata ki ba."

Wani dattijo da ke haya a ɗakin ƙarshe ya matso ya duba, ya ce kai, samun ƙane irin wannan sai an tona, Allah ya yi masa albarka. Sa'ida ta ce ai tun da abin ya faru bai yi barci mai kyau ba. Nkechi tana tsaye a ƙofarta da bokiti, ta kalli kwalin, ta kalli Daso, ta shige ɗaki ta sakaya labule. Daso ta shafa dutsen da yatsunta masu tabo. Kowa yana jiran abin da za ta ce. Ta ce ta gode, Allah ya ƙara buɗi. Hoton ƙirji kuwa, Faruku ya ce wata mai kamawa.

Juma'ar nan jakar ta dawo, ta fi ta da cika, don kaya sun taru. Asabar Daso ta yi wanki tana hutawa tsakanin riga da riga. Lahadi ta shimfiɗa bargo, ta ciro sabon dutsen daga kwali, ta sa igiyarsa a bango, ta zauna jiran wuta. Tun ran Laraba rabon unguwar da ita. Hantsi ya yi, azahar ta wuce. Faruku ya riƙa fitowa yana ɗaga kai yana duban ƙwan fitilar baranda, ya koma ciki, ya sake fitowa. A wannan makon ne za a zauna kan rabon gidaje, kuma gobe da sassafe oga ke jiran kayansa.

Bayan la'asar Sa'ida ta fito daga kicin da tsohon dutsen a hannu ɗaya, ƙullin gawayi a ɗayan. Ta ajiye su a gefen tebur, ta juya. Faruku ya zo ya tsuguna a gaban yayarsa, ya sassauta murya.

"Yau kawai, Yaya. Ki ɗaura ƙyalle a hanci. Wallahi yau kawai."

Ta dube shi sosai. Ta ga ba ƙarya yake yi ba, har cikin ransa ya yarda yau kawai ne, kamar yadda ya yarda da wata mai kamawa duk lokacin da ya faɗa. Ta gane ranar da zai ga abin da yake yi mata ba za ta zo ba, domin shi a wurinsa bai taɓa yi mata komai ba sai alheri. Ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure hanci da baki, ta buɗe murfin dutsen, ta zuba gawayi.

Da asubar Litinin, kamar kowace Litinin, ma'aikata suka cika bakin titin Suleja suna jiran motar Abuja, fararen riguna reras, wuya a tsaye, hannu da kari kamar an ja da wuƙa. Faruku yana cikinsu, rigarsa ta fi ta kowa haske, rigunan oga a ninke cikin leda ya rungume su a ƙirji don kada a matse su. Wani abokin aikinsa ya tambaye shi jikin yayarsa, ya ce da sauƙi sosai, ai yanzu har ta koma 'yan aikace-aikacenta. A gida kuwa Daso tana zaune a ƙasa ta jingina da buhun shinkafa, don kwanciya ba ta yiwuwa, bakinta a buɗe tana jan iska da ƙyar. Nkechi ta ƙwanƙwasa ƙofa a hankali ta tambaya ko ta kira mota. Daso ta ce a'a, ta bari, kada ran Faruku ya ɓaci.